Faifan Mai Wushirya

Yayana likitan haƙori ne, kuma yana da faya-fayen garmaho da suka cika ɗaki har rufi, amma in ka je gidansa shiru za ka tarar kamar ana zaman makoki. Ba sauraron su yake yi ba, tara su yake yi. Duk na kiɗan jaz ne, irin na mutanen da suka mutu tun kafin a haife shi. Ɗakin da ya fi kowanne kyau a gidan shi ya ba su, ya sa musu na'urar sanyaya ɗaki tana aiki ba dare ba rana, matarsa da yara kuwa suna falo suna fama da fanka mai ƙara. Kafin ka shiga sai ka cire takalmi, ka wanke hannu, sannan ya ba ka farar safar hannu kamar za ka yi wa mutum tiyata. Bayan duk wannan fi'ilin kuma ba zai bari ka taɓa komai ba.

Ba faya-faye kaɗai ba. Akwai akwatuna cike da hotunan makaɗa, kowane hoto da siririyar takardarsa a tsakani. Akwai tikitin shiga gidajen rawa da aka rushe tuntuni, da kwalin ashana na otal-otal, da karyayyen sandan wani mai ganga, har da wani lakatayi, ƙyallen wuyan nan na masu kwat, da ya sha gumi wanda da a gidana yake da tuni na goge murhu da shi. Na taɓa tambayarsa me zai yi da kwalin ashanar da babu ashana a ciki. Ya dube ni da tausayi, irin kallon da yake yi wa wanda ya zo masa da ruɓaɓɓen haƙori, ya ce, "Auta, ba za ki gane ba." Ni ma na yarda ba zan gane ba, kuma ban sa wa kaina damuwa ba, sai da ya samo faifan Baba.

Mahaifinmu mabushin ƙaho ne a ƙuruciyarsa, irin ƙahon nan na tagulla mai maɓallai uku. A wani otal yake busa tare da ƙungiyarsu, inda kowa ke kiransa Mai Wushirya saboda giɓin da ke tsakanin haƙoransa na gaba. Da otal ɗin ya canza hannu sai ya koma tuƙin motar kamfani, ƙahon ma aka sayar. Ina ƙarama ya rasu, ban riƙe komai nasa ba sai ƙamshin man gashi. Duk mun ɗauka busarsa ta tafi tare da shi. Sai ga shi tsohon da ke kaɗa musu piyano ya rasu, 'ya'yansa suna share ɗakinsa suka kira Yaya, don duk garin an san shi da kwasar irin wannan tarkace. A cikin kwalin da suka ba shi akwai faifai guda a jakar takarda, an rubuta laƙabin Baba a tsakiyarsa da tawada.

Yaya ya yi mana bayani a falona. Ba faifan kamfani ba ne, in ji shi. Wani mutum ne ya zo otal ɗin da injinsa ya yanka shi nan take suna cikin kiɗa, saboda haka shi kaɗai ne a duniya. Farantin ƙarfe ne aka shafe da wani baƙin fenti mai taushi, kuma duk lokacin da allura ta bi ta kansa sai ta ɗan kankare shi.

Umma, wadda ke zaune a wurina tun da ƙafarta ta fara ba ta wahala, ta karkato da kunnenta na dama, wanda ya fi ji. Ta ce, "To, sa mana mu ji."

"Ba yanzu ba, Umma. Sai an shirya."

Abin da Yaya ya sani sarai, don ni na gaya masa da bakina, shi ne kunnen Umma tafiya yake yi. Ni nake baro kantin maganin da nake aiki in kai ta asibiti. Ni nake tsayawa a bayan gilashi ina kallonta a ɗan ɗakin gwajin nan, an ɗora mata abin sauraro a ka, an ce ta danna maɓalli duk sa'ad da ta ji ƙara. Duk zuwa sai dannawar ta ragu. Likitan kunne ya ce siraran sautuka ne ke fara ɓacewa, kukan tsuntsu, ƙarar waya, fiton buta, daga nan sauran su bi baya, kuma na'urar ji da muka saya mata taimako kawai take yi, ba za ta tsayar da komai ba. Na maimaita wa Yaya wannan kalma da kalma. Ya ce ai shi ya sa yake so a yi abin yadda ya kamata.

Yadda ya kamata ɗin nan ne ya kusa kashe ni. Da farko allurar ce ba ta dace ba, sai an yi odar wata daga ƙasar waje. Ta iso, ya duba ta da madubin da yake leƙa bakin mutane, ya ce ta yi siriri, za ta nutse ta huda fentin. Aka sake odar wata. Kafin ta iso damina ta faɗi, ya ce akwai laima a iska, ba a fito da irin wannan faifai a laima. Laima ta wuce, ya ce faifan yana bukatar ya huta ya saba da sanyin ɗakin. Na ce, "Yaya, faifai ne ko mai jego?" Bai yi dariya ba. Ya ce kuma ko an shirya ba a gabanmu za a sa shi ba. Sau ɗaya tak za a ɗora masa allura, a wurin wani mai gyaran sauti da zai kwafe shi cikin kwamfuta, daga nan kowa ya saurara har ya gaji.

Ita kuwa Umma, duk ranar Asabar, ranar da yake zuwa gaishe ta, sai ta yi wanka da wuri, ta ɗaura ɗankwalinta mai kyau, ta sa sabon batir a na'urar kunnenta. Yana sallama za ta dubi hannunsa. In ta ga ledar lemo ce kawai sai ta ce, "Sannu da zuwa, Likita," ta tambaye shi yara. Ba ta taɓa yi masa ƙorafi ba, ni ce nake cika ina batsewa a kicin ina buga tukwane. Na kira matarsa in kai ƙara, ta ce, "Ni kike gaya wa? Ni da aka ce kada in soya kifi saboda ƙauri na shiga ɗakin faya-faye?"

Ranar da abin ya kammala, ya zo da kwamfutarsa da sifiku biyu, yana ta murmushi kamar wanda aka yi wa haihuwa. Ya matsar da kujeruna, ya auna inda Umma za ta zauna, ya sa na kashe firji don kada ya yi gurnani. Sannan ya danna.

Ba zan ɓoye ba, hawaye ya zubo mini. Ganga ta fara a hankali, piyano ya bi, sai ƙaho ya shigo garau, kamar mai busar yana tsaye a bakin ƙofata. Ban taɓa jin mahaifina yana busa ba. Har na fara jin kunyar zagin da na sha yi wa Yaya a zuci. Na juya in ga Umma, sai na tarar fuskarta ba yabo ba fallasa, irin wadda take yi in maƙwabciya ta kawo mata labarin da ba ta yarda da shi ba.

Da kiɗan ya ƙare ta ce, "Wane ne wannan?"

Yaya ya ɗaga murya. "Baba ne, Umma! Baba!"

"Na ji ka, ba sai ka fasa mini kai ba. Kiɗan dai nasu ne, na san shi. Amma wannan mutumin ba ya numfashi."

Muka dubi juna. Ta ce, "Babanku in zai busa, sai ya ja iska ta wushiryarsa, ta yi wani ɗan fito, fiit, sannan ya busa. Kowane layi sai ya yi. Shugaban ƙungiyarsu har faɗa yake yi masa, ya ce yana ɓata musu kiɗa, shi kuwa ba zai iya bari ba. Haka yake yi in zai yi magana mai muhimmanci, haka yake yi in zai ɗaga buhu, haka yake yi a cikin barci. Ko daga bayan ƙofa na ji ɗan fiton nan na san ya dawo. Ni busar ba ta dame ni ba, ban taɓa gane kiɗan nan nasu ba ma, hayaniya nake jin sa. Shi nake so in ji. Ina kuka kai shi?"

Yaya ya yi tsuru-tsuru. Na san wannan fuskar tun muna yara, ita yake yi in ya fasa kofi. Na ce, "Yaya, me ka yi?"

Da ƙyar maganar ta fito. Wai da aka kwafe faifan, cike yake da ƙaraf-ƙaraf da shuuu na tsufa. Sai ya riƙa zuwa wurin mai gyaran sautin bayan ya tashi daga asibiti, suna zama gaban kwamfuta suna cire dattin ɗaya bayan ɗaya. Akwai wani siririn fito da ke zuwa kafin kowane layi na ƙaho. Ya ɗauka lahani ne a jikin faifan. Shi da kansa ya riƙa nunawa da yatsa yana cewa a cire wannan, a cire wancan, har sai da bai bar ko ɗaya ba.

Ban bari ya gama shan ruwansa ba, na sa shi a gaba muka tafi wurin mutumin. Shagon yana saman bene ne a bayan masu gyaran waya, an liƙe bangonsa da kwalayen ƙwai, wayoyi sun cika ƙasa sai ka ɗaga ƙafa. Na ce wa mai gyaran sautin ina kwafin farko, wanda ba a taɓa ba. Ya sosa ƙeya ya dubi Yaya.

"Ai Likita ne ya ce mai tsabtar kawai yake so. Na tambaye shi ko in ajiye mai dattin, ya ce shi ba ya ajiye datti. Ni kuma wuri ya yi mini kaɗan, na goge."

Mutumin da ya ajiye lakatayi mai gumin wani ƙato, shi ne ba ya ajiye datti! Na ce to a sake kwafa. Mai gyaran sautin ya girgiza kai. Injin da ya yi aikin da shi aro ne, mai shi ya karɓe ya bar gari da shi. Kuma ko da yana nan, in ji shi, a kwafar farko ma fentin ya fara ɓarewa daga gefe. In allura ta sake hawa, zai yi wuya a sami abin da ya rage.

A mota, da muka wuce shataletale, Yaya ya gyara murya. Wai ya karanta akwai wani wuri a ƙasar waje inda suke ɗaukar hoton layukan faifai da haske, ba allura, su mai da shi sauti. Sai dai akwai layi, mai yiwuwa baɗi ko bayan baɗi.

A nan haƙurina ya ƙare. Na ce ya tsayar da motar, ya tsaya a gaban wani shagon walda, na sauke masa duk abin da na tara. Na ce baɗi Umma da wane kunnen za ta ji? Na ce ya mai da mahaifinmu kwalin ashana. Na ce, "Kai ba Baba kake so ba, kayansa kake so. Ka ɗauko garmahonka ka sa mata faifan nan ta ji, in ya so ya narke!"

Masu walda har sun dakata suna kallonmu. Yaya ya riƙe sitiyari da hannu biyu, bai dube ni ba. Ya ce, "Ke ba ki san shi ba, Auta. Ni na san shi. Ni nake goge masa ƙahon da tsumma. Tun da na fara tara abubuwan nan shi nake nema, kwali bayan kwali. Yanzu na same shi, ki ce in ɗora masa allura in tsaya ina kallo tana cinye shi? Sau biyu ke nan zan binne shi."

Ya ba ni tausayi, amma haushi bai bar ni na yi shiru ba. Na ce, "Ka san shi, amma ka ji numfashinsa ka ce datti ne." Ban yi nadama ba a lokacin. Ya tada mota, ya sauke ni a ƙofar gida, ko sallama bai yi mini ba.

Asabar ta zagayo ya zo da ledar lemonsa, muna gaisawa sama-sama. Umma ba ta ɗaura ɗankwali mai kyau ba ranar, ba ta kuma dubi hannunsa ba. Ina ɗaki ina guga na ji butar shayi ta fara fito a kicin. Na ƙyale, don na san Umma na can. Fiton ya yi ta yi har ya cika gidan. Na fito da faɗa a bakina, sai na tarar da Yaya tsaye a ƙofar kicin kamar an dasa shi. Umma na zaune a kan kujera dab da murhu, ta ba butar baya, tana tsince shinkafa a faranti hankalinta kwance. Butar na ihu a bayan kanta, ko gezau.

Yaya ya wuce ya kashe wutar. Umma ta ɗago ta ce, "Au, ya tafasa?" Ya ɗauki makullin motarsa ya ce mini, "Ki kawo ta gobe da hantsi."

Da muka je, matarsa ta buɗe mana tana yi mini alama da ido. Umma ta shiga ɗakin faya-faye da takalminta, da kofin shayin da surukarta ta ba ta a hannu, ta kuma ajiye shi a kan akwatin hotuna. Na ga ƙwayar idon Yaya ta bi kofin, amma ya bar shi a wurin. Ta ce ɗakin ya yi sanyi, ya kashe na'urar. Tun da aka kafa ta ban taɓa jin ta yi shiru ba.

Garmahon nasa tsohon yayi ne, babu inda za a soka masa waya a kwafi komai, don shi a wurinsa duk abin da aka ƙera bayan haihuwarsa wasan yara ne. Na ciro wayata na riƙe a gaban sifika. Da wata rana ce da na sha lacca, amma ko kallona bai yi ba. Ya zaro faifan daga jakarsa. Gefensa ya riga ya ɓare, ƙarfen na leƙowa. Ya ɗora shi, ya ja wa Umma kujera har kunnenta na dama ya kusa taɓa sifikar, ya murɗa ƙarar har ƙarshe. Ya riƙe hannun allurar a sama ya daɗe, har na buɗe baki zan yi magana, sannan ya sauke.

Ƙarar da ta fara fitowa kamar ruwan sama a kan kwano take. Ganga ta taso daga can ciki, piyano ya biyo. Ni ban ji komai ba sai hayaniya, kuma abin da wayata ta kama ke nan, na duba daga baya. Amma da na kasa kunne sosai, dab da shigowar ƙaho, sai ga shi, ɗan siriri kamar zare. Fiit.

Umma ta dafe sifikar da tafin hannu. Ta ce, "Ga shi nan." Layi na biyu ya zo, ta riga shi jan numfashi. "Ga shi nan kuma. Kai, mutumin nan, ba ka canza ba." Tana dariya hawaye na bin kumatunta, ta manta da mu gaba ɗaya.

Ni kuwa Yaya nake kallo. Ya durƙusa a gaban garmahon, idonsa a kan allurar. A bayanta wani baƙin gari ne ke tashi, da 'yan siraran ɓawo suna nannaɗewa suna faɗowa a kan teburin. Duk zagayen da faifan ya yi sai wani wuri ya yi fari. Bai kau da kai ba har kiɗan ya ƙare, allurar ta shiga tsakiya tana ƙaraf, ƙaraf. Ya ɗaga ta. Sai na ga ya jawo ambulan, ya ɗauki ɗan burushi, ya fara share baƙin garin yana zubawa a ciki a hankali. Na ce a raina, wannan bawan Allah ba zai taɓa warkewa ba, gobe za ka ga ya yi wa ƙurar nan akwati.

Umma ta goge fuska da gefen mayafinta, ta kurɓi shayinta, ta mai da kofin kan akwatin hotuna. Ta gyara zama, ta sake manna kunnenta a jikin sifikar.

"Likita," ta ce, "sake sawa."

Yaya ya dubi faifan. Kusan rabinsa ya koma farin ƙarfe. Ya dube ni, sannan ya dubi Umma. Ya ajiye ambulan ɗin a ƙasa, ya ja dogon numfashi, ya mai da allurar farko.